Na haɗa hoto uku, labulen amarya ya koma kore, Hajiya ta riƙe cikon kuɗina

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kaduna, biki da suna na saba yi, to kwanan nan wata Hajiya mai sana'ar kayan ɗaki da jeren amare ta ba ni aikin ɗaukar ɗakunan da ta jera don ta dinga sawa a Instagram. Da na ga hasken taga yana ƙona min hoto sai na yi yadda na ga ana yi, kowane ɗaki na ɗauka sau uku, mai duhu da matsakaici da mai haske, na haɗa su a manhajar gyaran hoto ta Lightroom suka zama hoto guda, wato HDR. Wlh abin da ya fito ba ya kalluwa. Labule ruwan gwal ya koma kore-kore, tagar ta yi ruwan hoda, ƙarƙashin gado da gefen labule duk dabbare-dabbare, da na tura mata ta WhatsApp kuma ta ce a wayarta kalar ta ƙara mutuwa. Yanzu ta riƙe cikon kuɗina. Abokina ya ce kyamarar ce ta tsufa, in sayar in ciyo bashi in cika in sayi sabuwa. A JPEG na ɗauka, a hannu, ranar kuma babu wuta janareta aka tayar. Dan Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, kar ka sayar da kyamarar nan, kar kuma ka ci bashin kowa. Da za ka sayo wadda ta fi kowace tsada a kasuwa ka koma ɗakin nan ka ɗauka yadda ka ɗauka rannan, labulen nan kore zai sake fitowa, sai dai wannan karon koren ya fito tar. Abokinka ba mugunta yake maka ba, haka muke dukanmu, da hoto ya lalace sai a ɗora wa kayan aiki. Amma ƙarshen wasiƙarka shi ya tona komai: JPEG, a hannu, da wutar janareta.

Bari in fara da abin da manhajar take zato idan ka miƙa mata hotuna uku, don in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Dabarar nan ba sabuwa ba ce, tun 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana yadda za a haɗa hotuna masu bambancin haske a fitar da guda ɗaya, Photoshop ya sa ta a 2005, Lightroom kuma sai 2015 ya samu tasa. Dukansu a kan sharaɗi ɗaya suka tsaya, cewa tsakanin hoton farko da na ƙarshe babu abin da ya canza sai tsawon lokacin da shata, wato ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara, ta yi a buɗe. Ɗaki ɗaya, fitila ɗaya, kala ɗaya, komai a tsaye cak. Daga nan sai ta tsinci taga daga mai duhu, ta tsinci lungu da ƙarƙashin gado daga mai haske, sauran ta cike da na tsakiya. To in kalar hotunan uku ba ɗaya ba ce fa? Ita ba ta sani ba, ɗinkewa kawai za ta yi, kamar telan da aka kawo wa shadda daga rini uku aka ce ya fitar da babbar riga, ɗinkin zai yi kyau amma tun daga nesa za a ga hannu daban jiki daban.

Ina kyautata zaton ka bar daidaita fari, yadda kyamara ke tantance wace kala ce fari, a kan otomatik, wato WB ɗinka na kan AWB, don kusan duk masu ɗaukar biki nan suke barinsa kuma a biki ba ya ba su kunya. A nan kuwa shi ne babban mai laifi. Kyamara a AWB kowane hoto sai ta sake canka daga farko. A hoto mai duhu abin da ta fi gani shi ne taga, hasken rana, sai ta yi lissafi da shi. A mai haske tagar ta riga ta ƙone, abin da ya rage mata fitilun silin ne da labule da gado, sai ta yi wani lissafin daban. Ka ga hoto uku, fari uku. Da RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, da abin bai dame mu ba, domin a RAW daidaita fari 'yar takarda ce kawai aka maƙala a jikin fayil, za ka iya cire ta ka sa wata ba tare da asarar komai ba. JPEG kuwa an riga an gama dafa kalar a cikin kyamara, an matse ta zuwa mataki 256 a kowane launi, alhali RAW mai bit 14 yana riƙe da mataki 16,384. Kuma ba farin kaɗai ba ne, akwai gyare-gyaren da kyamara ke yi wa JPEG a ɓoye, Canon na da Auto Lighting Optimizer, Nikon na da Active D-Lighting, Sony na da DRO, duk aikinsu su ɗaga inuwa gwargwadon yadda suka ga hoton, ma'ana mai duhunka sun taɓa shi sosai, mai haske sun ɗan shafa shi kawai. Kashe su in za ka yi wannan aikin. Ka kuma leƙa menu ka tabbata biraketin (ɗaukar hotuna a jere da saiti daban-daban) na haske ka kunna, don akwai na WB ma, a Nikon ma wuri ɗaya ake zaɓarsu, mutum na iya kunna wanda ba shi yake nufi ba bai sani ba.

Me ya sa labulen ne ya fi shan wahala? Ruwan gwal a wajen kwamfuta ja ne da kore suka haɗu, jan ya ɗan fi yawa. Da zarar an rage jan kaɗan, ko fitila ta ƙara kore kaɗan, shikenan ya zame ya koma kalar ganyen da ya fara bushewa. Bango fari zai iya shanye wannan kuskuren ido bai lura ba, gwal da ruwan madara da fatar mutum ba sa shanyewa.

Sai maganar wuta, wadda ita ce mutane ba su cika kawowa a rai ba. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka doguwar fitilar nan ta fulorosan da ƙwayayen LED masu arha suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na gani. In shatarka ta kai 1/100 ko ta fi haka jinkiri, ta kwashi ƙyaftawa guda cikakkiya ko fiye, hasken zai daidaita. In ta fi haka sauri, yanki kawai take tsinta, wani lokaci ta faɗa kan ƙololuwar hasken, wani lokaci ta faɗa inda ya dushe, kuma a fulorosan ba haske kaɗai ke sauka ba har kalar tana canzawa. Yanzu yi lissafi da kanka. Tunda a hannu ka ɗauka dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, don shata ta yi sauri, a ce na tsakiya ya faɗa 1/60, mai duhu da aka rage mataki biyu (kowane mataki rabin haske ne) zai zama 1/250, mai haske 1/15. Biyu sun tsira, amma 1/250 ɗin nan bai kai rabin ƙyaftawa ɗaya ba, caca ce kawai. Ga janareta kuma, ƙananan nan sai injin ya riƙe juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 ɗin daidai, da an kunna firij ko famfon ruwa za ka ji muryarsa ta canza, to yadda muryar ta canza haka hasken ma. In kyamararka na da shata marar ƙara, ta lantarki, kar ka yi amfani da ita a ƙarƙashin irin waɗannan fitilu, layi-layi za ta zana maka a hoton.

Ko da ka kulle WB, ɗakin amarya na zamani wuri ne mai wuyar sha'ani, don fitilu kala-kala ake haɗawa a silin ɗaya. Ƙwai mai ɗumi da ake rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa (K ɗin Kelbin ne, ma'aunin kalar haske), farin nan mai kashe ido 6500K, rana ta taga wajen 5500K, ga kuma zaren LED shuɗi ko fafal da ake zagaye POP da shi. Babu lamba ɗaya da za ta gyara duka, in ka daidaita da taga gado ya yi ruwan lemo, in ka daidaita da gado taga ta yi shuɗi. Hoto guda ɗaya yana ɗan ɓoye wannan rikicin domin wani hasken ya ƙone wani ya nutse a duhu, HDR kuwa aikinsa kenan ya fito da kowa fili. Shi ya sa masu ɗaukar cikin gida da yawa suke kashe fitilu gaba ɗaya su yi aiki da hasken taga kaɗai. In Hajiya ta dage sai an ga fitilun silin a kunne, kuma za ta dage don kuɗi aka kashe musu, ɗauki saiti biyu, ɗaya a kashe ɗaya a kunne, kalar ɗakin ka ɗauko daga na kashe, silin ɗin kawai ka ɗauko daga na kunne.

Tagar da ta yi ruwan hoda kuma labarinta daban. Sensar kyamara rabin idanunta kore suke gani, kwata ja, kwata shuɗi, kuma a hasken rana koren ne yake fara cika ya tsaya. Ja da shuɗi sai an ninka su kafin fari ya fito fari, to idan kore ya riga ya kai maƙura su kuma suna ci gaba da hawa, ja da shuɗi ba isasshen kore ai ruwan hoda ne. A hoto na yau da kullum manhaja tana rufe wannan da fari fat ba ka gani, amma da ka ja hasken ƙasa don ka ga abin da ke bayan taga yana iya bayyana. Ma'anarsa dai ko hotonka mafi duhu bai yi duhun da ya isa ba. Kar ka yi mamaki, tsakar rana a waje haske yana kaiwa lakas 100,000 a ma'aunin ƙarfin haske, cikin ɗaki kuwa 'yan ɗaruruwa ne, tazarar ta fi ƙarfin ragin mataki biyu nesa ba kusa ba. Ƙananan kyamarori da yawa hoto uku kawai suke yi da kansu, daga -2 zuwa +2, to sai ka koma M, inda kai ke saita komai, ka ƙara na huɗu da hannu, ka yi ta ƙara saurin shata har gargaɗin nan mai ƙyalli a sikirin ya daina ƙyaftawa a kan tagar. Wannan hoton na huɗu a kan taga kaɗai za a yi amfani da shi, don haka ƙyaftawar fitila ba ta shafe shi ba. In kuma wani siririn layi fafal ko kore kake gani a gefen ƙarafen taga, wannan daga lens ne, akwai ɗan akwati a sashen gyaran lens na Lightroom da za ka danna ya goge shi.

Dabbare-dabbaren nan na gefen labule, zan iya rantsuwa fanka na kunne. Labule na kaɗawa, hannunka na rawa, manhaja ta ga abu ya motsa tsakanin hotuna sai ta kira mai korar fatalwa, abin da aka rubuta Deghost a shafin haɗawa na Lightroom. Yadda yake aiki shi ne duk inda ya ga motsi sai ya daina haɗawa ya ɗauko wurin daga hoto guda, in ya ɗauko daga mai duhu ya ɗaga haskensa da ƙarfi sai yashi-yashin kala ya taso, kore da hoda, ga shi da iyaka kamar taswira. Akwai akwatin da ke nuna maka wuraren da ya taɓa, kunna shi ka gani da idonka, za ka samu daidai inda dabbaren yake. Mataki huɗu gare shi, babu, kaɗan, matsakaici, da mai yawa. Mutane na ɗauka mai yawa ya fi inganci, ba haka ba ne, fara da babu, sai in ka ga inuwar abu biyu sannan ka hau mataki ɗaya. Ka kuma cire alamar gyaran otomatik a wannan shafin, shi ke cika kala har gado ya koma kamar na katun.

Na WhatsApp ɗin shi ya fi sauƙi. Duba wajen fitar da hoto ka ga wane filin kala ka zaɓa. In ProPhoto RGB ne ko Adobe RGB, a Lightroom zai yi kyau, amma manhajoji da wayoyi da yawa ba sa kula da bayanin da ke maƙale a fayil, sai su karanta lambobin a matsayin sRGB, filin kalar da wayoyi suka saba da shi, hoton ya fito a koɗe, ja ya mutu, fata ta yi toka-toka. Duk abin da zai je waya ko Instagram, sRGB, babu wani dogon tunani. Ka tura mata a matsayin dokumen don kar a matse shi. Sannan laftof ɗinka ma ka duba, in hasken dare na Windows na kunne sikirin ɗin yana yin ɗorawa, kai kuma ka yi ta ƙara shuɗi kana gyara abin da ba ya cikin hoton.

To hotunan da ke hannunka yanzu fa, za su ceto? Wasu za su ceto, ba duka ba. Buɗe ukun a Lightroom, nemi abu ɗaya fari ko ruwan toka da bai ƙone ba a cikinsu duka, gefen filo ko jikin wadirob ko bango, ka ɗauki ɗan tsinken nan na WB ka danna daidai wurin a kowane hoto, ɗaya bayan ɗaya. Kar ka gyara ɗaya ka kwafa wa sauran, a nan mutane ke faɗawa rami, domin a JPEG silaidar ba lambar Kelbin take nunawa ba, ƙari ko ragi ne a kan abin da kyamara ta riga ta dafa, in ka ƙara wa uku abu ɗaya bambancinsu na nan yadda yake. Da ka ga farinsu ya zo ɗaya, fitar da su a nau'in fayil na TIFF mai bit 16, waɗannan sababbin za ka haɗa, ba na asalin ba.

Ni dai a irin wannan yanayi ba na ma komawa HDR, da hannu nake yi a Photoshop. Ka jera su leya-leya, ka sa ya daidaita su tunda a hannu aka ɗauka, na tsakiya ya zama tushe, ka sa maski a mai duhu, wato ka rufe sauran hoton, ka fito da taga kawai, mai haske kuma ka shafa shi da burushi mai laushi a lungunan da suka nutse, kaɗan-kaɗan. Ya fi cin lokaci amma kai ke da iko. In kuma ka riga ka haɗa, hasken ya yi maka amma kalar ce ta ƙi, ga wata dabara: ɗora hoton tsakiya da ka gyara farinsa a saman haɗaɗɗen, ka canza yanayin haɗin leyar zuwa Color. Haske zai fito daga na ƙasa, kala daga na sama, labule ya dawo gwal. Sai dai ka goge wannan leyar a kan taga, don a hoton tsakiya tagar fara ce fat, in ka bar ta waje zai koma toka. Ruwan hodar da ta rage a taga kuma ka zagaye wurin ka rage ƙarfin kalar, farar taga ba wanda zai yi ƙorafi a kanta, mai ruwan hoda ce ke jan ido. In ba ka da Photoshop akwai Enfuse da ke zuwa tare da Hugin, kyauta ne, shi ba ya gina HDR, tsintar wuraren da suka fi kyau yake yi daga kowane hoto, kuma ya fi haƙuri da JPEG.

Amma gaskiya shawarata ka nemi a bar ka ka sake ɗauka, ko da ɗaki biyu ne. Aro tirayfod in ba ka da shi, wannan ne kaɗai abin da zan ce ka kashe wa kuɗi, kuma bai kai kuɗin lens ɗaya ba balle kyamara. Sa RAW, in katin ya yi kaɗan sayi wani. ISO a 100 ka kashe na otomatik, afaca, wato faɗin ramin lens, wajen f/8 ka bar ta nan, kana kan Av (inda kai ke kulle afaca) ko M don shata kaɗai ta dinga canzawa, in afaca ta motsa zurfin fokas da duhun gefe-gefe duk sun canza. Fokas ka kama sau ɗaya ka mayar da lens kan MF, wato fokas na hannu. WB ka kulle, in kyamararka ba ta da wurin sa lambar K zaɓi alamar rana ko ka auna da farar takarda, kuma hoton farko a kowane ɗaki ka ajiye katin toka ko takardar a kan gado ka ɗauka, shi za ka danna daga baya. Kashe fanka da AC, sa taima ta daƙiƙa 2 don hannunka ya bar jikin kyamara. A ISO 100 da f/8 cikin ɗaki shata za ta sauka ƙasa da 1/50 da kanta, ka ga maganar ƙyaftawa ta mutu ko da janareta ne. In gidan akwai sola ko infata a juya kai ya fi kwanciyar hankali. Lokaci ma yana da tasiri, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya hasken waje ya sauko kusa da na ciki, wani lokacin ma RAW guda ɗaya ya ishe ka ba sai ka haɗa komai ba.

Ita kuma Hajiya, kar ka je mata da bayanin Kelbin da janareta, ba abin da ta saya kenan ba. Ita labule take sayarwa, in mai saye ya ga kore a Instagram ya zo ya tarar da gwal, ko ya so gwal ya wuce saboda ya ga kore, ita ce da asara, don haka riƙe kuɗin da ta yi ba zalunci ba ne. Kira ta, ka ce Hajiya na ga inda matsalar take, kalar ba ta fito yadda kayanki suke ba, a ba ni dama in sake ɗauka ba tare da ƙarin ko sisi ba. Kafin nan gyara guda biyu mafi kyau ta hanyar da na faɗa maka ka tura mata ta ga alama. In ɗakunan an riga an kai amare ba a shiga, tambaye ta jere na gaba yaushe ne, ka roƙi awa ɗaya kafin 'yan uwa su cika ɗakin. Ka kuma ce ta ba ka ɗan ƙyallen labulen ka tafi da shi gida, ka ajiye a gefen laftof lokacin da kake gyara, da rana kusa da taga, in na sikirin da na hannunka suka zo ɗaya sannan ka tura.